Nun Ara ce ko Tsayuwar Wata? A Bar Yaranmu Su San Malam Zurƙe

Gardamar ta tashi ne a ƙofar gidan kawuna, nan unguwar Zariya ta Maraɗi, bayan sallar isha'i, muna jiran shayi na biyu ya nuna. Tun da aka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasar Nijar a watan Maris na 2025, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki, mu malaman lakwal, wato makarantar boko, ba mu da hirar da ta wuce guda: to, in an ce yaro ya yi karatu da Hausa, me za a miƙa masa ya karanta? Allon bango da alli kaɗai ba sa koya wa yaro harshe. Na ce ai ba sai an je da nisa ba, ga tsofaffin littattafan nan da suka yi shekara casa'in suna yawo a hannun mutane. A fara da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar.

Kawu yana da makarantar Islamiyya, ya kusa shekara talatin yana karantarwa, kuma ban taɓa jin an ce ya ci dalar wani ba. Ya aje tasbaharsa bisa tabarma, ya dube ni ya ce, "Shaihu Umar dai na yarda, ɗana, a ba su. Amma Ruwan Bagajan nan na Malam Zurƙe, a'a. Littafin da za ya koya ma yaro dariyar mai rawani? Naman malamai dafi gare shi."

Na ce, "Haka ne, Kawu," na yi shiru, don ba a ja-in-ja da babba a gaban mutane. Amma maganar ta kwana tana cina, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi a Maraɗi ba. Shi ya sa na ɗauko alƙalami. A ganina, in har tsoron Allah muke so mu dasa wa yara ta hanyar labari, littafin da kawu yake so a ɓoye ya fi wanda yake so a bayar yi mana aiki a wannan zamani. Na kuma san akwai waɗanda wannan magana ba za ta yi wa daɗi ba.

Littattafan nan biyu tagwaye ne. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya ta Najeriya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam da Tafawa Ɓalewa duk a Kwalejin Katsina suka yi karatu, kuma duk shekarunsu ba su wuce ashirin da ƴan kai ba a lokacin. Imam ma yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta nasa. Ke nan a bayan gidanmu aka haifi Malam Zurƙe, don in ka bi ta Ɗan Isa ka ratsa Jibiya, kafin azahar kana Katsina. Ta wannan hanya littattafan suka zo hannuna, cikin kayan atamfar da babana ke sarowa. A lokacin, in aka ji ka yi Hausa a aji, sambol ake rataya maka a wuya, sai ka kama wani ya yi kafin ka rabu da shi. Da rana ina gudun sambol, da dare ina ƙarƙashin fitilar ƙwai ina haɗa baƙaƙen Hausa da kaina.

Na san abin da kawu ya gani a Shaihu Umar, don ni ma na gan shi. Labarin yana buɗewa da malami a Rauta, kusa da Bauci, almajirai kewaye da shi, mutumin da ba a taɓa ganin fushinsa ba. Suka tambaye shi asalinsa, ya fara ba su labari. Duk wanda ya taɓa zama a wurin tafsirin watan azumi zai ji ƙamshin wani labari a ƙarƙashin wannan. Yaro ne aka raba da mahaifiyarsa, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka kai shi Misira, ya tashi a gidan ubangidan da ya riƙe shi kamar ɗa, Allah ya ɗaukaka shi, sannan mafarki ya tayar masa da begen gida. Wane ne wannan in ba Annabi Yusuf ba? Har hassadar ƴan'uwa tana nan, sai dai marubucin ya ɗauke ta ya aza wa Makau, mijin uwar Umar, wanda fadawa suka yi wa ƙage wurin sarki har aka kore shi daga gari. Kura ma ta fito. A labarin Yusuf ƙarya aka yi wa dabbar daji, aka ce ita ta cinye shi. A labarin Umar kuwa da gaske ta ci mutum, amma ɓarawon da ya sace yaron ta ci. Ba na jin wannan duka katari ne. Wanda ya rubuta ya san mutanen da yake rubuta wa, ya san sun haddace Suratu Yusuf kafin su san harafin boko ko ɗaya.

Umar alama ce ta haƙuri da yarda da ƙaddara, ba wanda zai musa. Guguwar rairayi ta binne ayari duka a hamada, shi ya tsira. An sace shi, an sayar da shi, uwarsa ta mutu a gabansa, bai taɓa ɗaga murya ba. Irin malamin da kowa ke so ya kai ɗansa wurinsa ke nan.

Sai dai da na girma na sake karantawa, wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Balaraben da ya tafi da Umar, Abdulkarim, mutumin kirki ne a labarin, ya sa shi karatu, ya so shi. Amma fataucin bayi yake yi. Sunansa bawan Mai Karamci, sana'arsa cinikin bayin Mai Karamcin. Umar ya yi karatu har ya gaji malaminsa, ya zama abin kwatance, amma ba mu ji ya tsaya ya ce wannan ciniki da aka yi da ni da uwata zalunci ne da shari'a ta hana ba. Kuma ba wai malaman ƙasar nan ba su taɓa faɗa ba ne. Tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne, ba ya halatta a bautar da su. Shekara ɗari uku da wani abu kafin a rubuta Shaihu Umar ke nan. A nan Nijar sai 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuffuka a doka, kuma a 2008 ne kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba Hadijatu Mani gaskiya a kan gwamnati, ita da aka sayar tana ƴar shekara 12. Maganar ba ta tsufa ba. In ka ba yaro Shaihu Umar ka ce masa ga waliyyi, yi koyi da shi, ba ka sa shi ya tambayi inda haƙuri ya ƙare da inda shiru a kan zalunci ya fara ba, to rabin karatu ka ba shi.

Ni a wurina, in akwai waliyyi a littafin nan, uwar ce. Yawancinmu ko sunanta ba ma iya tunawa. Annabi Yaƙub ya zauna yana kuka har idonsa ya yi fari. Ita kuwa ba ta zauna ba. Ta ɗaura zane ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka ratsa hamada da ita har ƙasar Libiya ta yau, ta rame ta lalace, ta ga ɗan da idonta, sannan ta cika. Ta fi kama da Nana Hajara tana kai da kawo tsakanin Safa da Marwa, sai dai ita ba a ɓuɓɓugo mata da Zamzam ba. Duk hanyar da ayari zai bi daga Kano zuwa Murzuk ta Libiya sai ta ratsa ƙasarmu, kuma har yau ana bin ta. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara ne daga wajen Kance. Duk sa'ad da na kai wurin mutuwar uwar Umar a aji, sai in ga ƴan mata sun sunkuyar da kai. Sun san mata irinta, wasu a gidajensu.

To, a ba yara Shaihu Umar, ba ni da ja. Yanzu ga wanda ake so a ɓoye.

Jarumin Ruwan Bagaja sunansa Alhaji Imam. Ka dubi sunan da kyau. Laƙabi biyu mafi nauyi a ƙasar Hausa aka haɗa wa mutum ɗaya, na mai zuwa Makka da na mai jan salla. A Maraɗi ma, inda in an ce Alhaji kowa ya san mai kanti da tirela ake nufi, sunan ya ƙara nauyi. Amma wannan Alhajin maƙaryaci ne na gani-kashe-ni, ɗan wayo, mai shiga rigar da duk ta dace da garin da ya sauka. Dalilin fitarsa dai mai kyau ne. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman mijin uwarsa ya ce a gaban fada da za a sami ruwan Bagaja da ya warke, sarki ya ɗauki maganar izgili, aka ci wa Liman mutunci. Alhaji ya yi alkawarin sai ya kawo ruwan don ya wanke uban riƙonsa. Niyya fara tas, hanya kuwa duk laka.

Wurin da ya fi tsaya wa kawu a rai, na tabbata, shi ne na garin Saburi. Alhaji ya sauka a garin ya ce shi malami ne, alhali bai da karatun kirki. Aka karrama shi, yana ci yana sha. Sai ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya iso, shi kuwa ya yi karatu. Aka haɗa su gasa a gaban jama'a. Alhaji ya ga asirinsa zai tonu, sai ya share ƙasa, ya ja wata ƴar lanƙwasa da yatsa, ya ce Zurƙe ya faɗi ko mene ne. Zurƙe ya duba da idon mai karatu, ya kawo nun, aka ce a'a. Ya kawo ra, ya kawo lam, duk aka ce bai sani ba. Da ya rasa ta cewa, Alhaji ya juya ga jama'a ya ce ashe ba su ga jinjirin wata ba ne? Gari ya ɗauki sowa, yara suka bi Zurƙe da jifa.

Muna yara dariya kawai muke yi. Sai da na zauna kusa da wani alaramma yana rubuta allo na gane zurfin wasan. A rubutunmu na Warshu, irin wanda muka taso da shi muna "alu, ambaki, wau, zal", nun ɗin ƙarshen kalma sau da yawa ba a ɗiga mata ɗigo. Lanƙwasa ce kawai, kamar ƙwarya a ɗage. Nun ara ke nan. Wato amsar Zurƙe ta fari daidai ce, ba kuskure ko kaɗan. An jefe shi ne yana kan gaskiya. Kuma dubi abin da aka kayar da shi da shi: wata. Harafi sai wanda ya durƙusa gaban malami ya sha bulala yake gane shi. Wata kuwa na kowa ne, makiyayi da mai tallan fura duk sun san kamarsa. Alhaji ya gane cewa ba Zurƙe ne alƙalin gasar ba, jama'a ce, jama'a kuwa ba ta iya auna harafi. Sai ya ɗauke gasar daga inda ake bukatar sani ya kai ta inda kowa zai ji shi ma masani ne. Ya sa jahili ya ji ya fi malami gani. Wa zai ƙi wanda ya yi masa wannan kyauta?

Kuma wata ba ƙaramar alama ba ce gare mu. Shi ke buɗe azumi, shi ke rufe shi. Mu da muke bakin iyaka mun san yadda gari ke rabuwa a wasu shekaru, wasu na jiran sanarwar Yamai, wasu kunnensu na Sakkwato, maƙwabci na cin tuwon salla kai kana sahur. A irin wannan dare kowa malamin falaki ne. Ɗan shekara ashirin da biyu ya zaɓi wannan alama ya sa a hannun ɗan damfara, kuma a ce littafin bai san addini ba?

Wa aka yi wa dariya a Saburi? Kawu zai ce malami. Ni kuwa na ce mutanen Saburi ne abin dariya, mutanen Saburi kuwa mu ne. Ka buɗe wayarka yau da dare. Malami zai zauna ya yi sa'a guda yana warware mas'ala, yana cewa malamai sun saɓa, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, Allah ne mafi sani. Mutum ɗari ba za su saurare shi ba. Wani kuma zai ɗauki minti biyu, ya yi tsawa, ya jefa wa abokin hamayya baƙar magana mai sa dariya, kafin asuba ta zaga duk gidajen WhatsApp daga Bagalam har Ali Ɗan Sofo, ana cewa ya kashe shi, ya gama da shi. Lanƙwasar nan ce dai ake ja a ƙasa, mu kuma muna tafi muna neman tsakuwa. Hadisi ingantacce ya gaya mana ba fizge ilimi za a yi daga ƙirazan mutane ba, malamai ne za su yi ta mutuwa har mutane su naɗa jahilai shugabanni, a tambaye su su ba da fatawa ba da sani ba. A lura, mutane ne ke naɗawa. Laifin bai tsaya ga mai rawanin ƙarya ba.

Ba kuma gaskiya ba ne a ce babu mutanen Allah a littafin. Suna nan, sai dai marubucin ya aje su inda ake samunsu a zahiri. Ga Liman da ya faɗi abin da ya sani a gaban sarki ya sha wulakanci. Ga tsohon nan mai ibada a kogon dutse, wanda ya fara nuna wa Alhaji inda ruwan yake. Ba a fada yake ba, ba a kasuwa yake ba, sai ka bar gari ka sha tafiya kafin ka same shi. Wanda ya san labarin Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi ya san irin wannan bawan Allah, wanda ilimin da manya ke nema yake hannunsa amma ba ya cikin taro. Ƙasar da ruwan yake ma, Irami, sunanta na cikin Suratul Fajri. Mutanen gari kuwa, masu riguna da rawuna da baki, su ne Alhaji da Zurƙe, suna bin juna gari gari, kowa na rama abin da aka yi masa. Shi ma Zurƙe, da aka jefe shi da iliminsa, bai koma zaure ya ci gaba da karatu ba. Ya koyi darasin da Saburi ta koya masa, ya zama ɗan wayo kamar abokin gabarsa. Wannan ya fi komai ba ni tsoro a littafin: gari ne ke mai da malaminsa ɗan damfara in ya nuna masa cewa gaskiya ba ta ciyarwa.

Akwai gaskiya a maganar kawu, ba zan ɓoye ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ba ya tausayin Zurƙe. Alhaji yake so ya zama, don shi ke cin nasara, shi ke ba da labarin da bakinsa, shi ya koma gida da ruwan bayan shekara goma sha biyar, ya warkar da ɗan sarki, ya zauna cikin daula. Littafin bai hukunta shi ba. Na taɓa ganin ɗalibai sun laƙaba wa wani malamin Larabci suna Zurƙe, mutumin kirki, har abin ya kai ga direkta. To, amma maganin wannan ai ba ɓoye littafi ba ne. Aikin mushe ne, wato malamin aji, ya tsaya a wurin, ya ja lanƙwasar a allo, ya tambayi aji wa ya yi karatun allo. Hannuwa za su tashi. Ya ce to wane harafi ne wannan? Na gwada, ba sau ɗaya ba. Da yaro ɗaya ya ce nun ara ce, sai aji ya yi tsit, sannan wata ta ce, "Mushe, ashe zaluntarsa aka yi." Wa'azin sa'a guda ba zai kai su inda wannan tsit ɗin ya kai su ba.

Abin da ban iya gaya wa kawu a gaban mutane ba shi ne, wannan labari daga zaurensu ya fito. A cikin littattafan da ke jingine a bangon ɗakinsa akwai Muƙamatul Hariri, wanda duk almajirin da ya yi nisa a lugga sai ya bi ta kansa. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, ya bar muƙama hamsin. Wane ne jaruminsu? Abu Zaid, tsoho mai zaƙin baki, wanda zai tsaya gaban jama'a ya yi wa'azin mutuwa har kowa ya zub da hawaye, a tara masa kuɗi, mai ba da labari ya bi shi a ɓoye ya iske shi gaban gasasshen nama da tulun giya. Ƙarni tara ke nan malamai na karantar da wannan littafi, daga Bagadaza har Katsina, ba wanda ya ce ya ci naman malamai. Abubakar Imam ɗan gidan malamai ne, kuma sananne ne cewa ya ɗebo daga wannan rijiya. Abin da ya yi shi ne ya fitar da labarin daga Larabci mai wuya ya sa shi a bakin da talaka ke ji. Ina zargin nan ne matsalar take. Muddin dariyar tana tsakanin malamai ya su ya su, halal ce. Da ta fito ƙofar gida sai ta zama rashin ladabi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa, wanda kakanninmu na Katsinar Maraɗi suka yi shekaru suna gwabzawa da magadansa, bai raga wa miyagun malamai ba a rubuce-rubucensa. A wannan dai mu da Sakkwato ba mu da faɗa.

Maganar naman malamai dafi ne gaskiya ce, an faɗe ta ne don kare masu ilimi daga bakin wawaye. Amma yau wa ya fi fakewa da ita? Bari in ba da labarin gwaggona. Tana da hawan jini, likita ya ɗora ta kan ƙwayoyi, tana sha tana samun sauƙi. Wata ranar kasuwa ta ji mota da lasifika, mai magana na jero ayoyi da hadisai ba ya ko numfashi, farar riga, gemu ya sha turare. Ya ɗaga gorar roba mai baƙin ruwa, ya ce wannan na maganin hawan jini da suga da basir da sammu da aljani, wanda ya yi shakka imaninsa ne da rauni. Ta ba da jika goma ta karɓo gora biyu, ta aje ƙwayoyin likita don ya ce kada a haɗa. Da ɗanta ya yi magana, ta ce ya kiyayi bakinsa da malamai. Wata biyu bayan haka ta faɗi a bakin murhu. Tana nan da rai, amma ɓarin damanta bai sake motsi ba. Mai motar kuwa ya daɗe da barin gari. Gorar tana nan a ƙarƙashin gadonta, na gan ta da idona, an manna mata takarda da rubutun Larabci wanda ko ni da ban yi nisa ba na ga kurakurai a ciki.

A littafin, shekara goma sha biyar aka yi ana neman ruwan da ke warkarwa, aka ratsa ƙasashe da tekuna, aka sha ɗauri da duka. A kasuwarmu jika biyar ne gora. Da gwaggo ta taɓa yin dariyar Alhaji a Saburi tana yarinya, da wataƙila ta ji muryarsa a lasifikar nan. Ban ce tabbas ba. Amma wanda aka taɓa nuna wa yadda ake wasan ƙwarya uku ba ya saurin sa kuɗinsa.

Masu cewa akwai aljannu da tsafi a ciki ba zan daɗe a kansu ba. Aljannu suna da sura guda a Alƙur'ani, kuma yaron Maraɗi da ya tashi yana jin labarin Iya da ƴan bori da waliyyan Madarunfa ba a littafin 1934 zai fara jin sunansu ba.

Abin da nake roƙo ga masu tsara manhaja ƙarami ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma tun daga lokacin kukan malamai ɗaya ne, ba abin karantawa. Yanzu da dama ta samu, kada a tace littattafan har ya zamana saura masu wa'azi tsantsa. A sa su biyun a aji ɗaya, a zango ɗaya. Yaro ya ga Umar ya tambayi abin da ya yi shiru a kansa, ya ga Alhaji ya tambayi wa ya ba shi nasara. Mu ma marubutan wannan ɓangare na iyaka mu rubuta namu, don Kwantagorar Alhaji Imam da Rautar Shaihu Umar ba su fi Tibiri da Gidan Rumji labari ba.

Bayan kwana uku na koma gaida kawu da hantsi, ba kowa sai shi da jikansa. Na durƙusa, muka gaisa, sannan na ja lanƙwasar a ƙasa kusa da tabarmarsa, na ce, "Allah gafarta Malam, wane harafi ne wannan?"

Ko gilashi bai sa ba. Ya ce, "Nun ara ce mana. Kai da ka sauke izu goma kake tambayata?"

Na ce, "To ai amsar da Zurƙe ya bayar ke nan, aka jefe shi."

Ya daɗe yana kallon ƙasar. Sannan ya sa tafin hannu ya shafe ta, ya ce shi fa tun yana saurayi aka karanta musu littafin a rediyon wani maƙwabci ko a bakin wani, ya manta, bai taɓa riƙe shi da hannunsa ba. Ya ce har yanzu bai yarda a ba yara ba. Amma in nawa yana kusa in aiko masa da shi, kuma in haɗo da wanda zai karanta masa, don bokon Hausa na yi masa gardama a ido. Jikan ya ce shi zai karanta.